504 tana shaƙewa in an taka mai: karbirato ne ko dalko?

Laminu Garin Malam

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Ga wata Fijo 504 familiyal a garaji, inji mai girman cc 1971 da ake kira XN1, karbirato Solex mai maƙogwaro biyu, dalko (mai raba wa buji wuta) mai filatine (ƴan ƙarafa biyun da ke haɗa wuta su yanke). Da safe kile ɗaya take tashi, ralanti (gudun inji in ba a taka mai ba) lafiya lau. Amma daga tsaye, ko in an rage gudu aka sake taka mai, sai ta ɗauke numfashi, wani lokaci ta yi atishawa ta bakin karbirato, sannan ta zabura. A hanyar Magarya da lodi ba ta wuce 80, ruwa kuma yana ɗaukar zafi. An wanke karbirato har sau biyu, an sa buji sabbi. Kafin a kawo ta nan wani ya murɗa dalko yana saita wuta da kunne, ba awo. Mai motar ya ce shaƙewar ta ɗan ragu, amma tun daga ranar inji ke ƙyal-ƙyal a hawa, kuma in ta yi zafi aka kashe, demarar sai ya yi nauyi. Ta ina zan kama?

Habu mai karbirato

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanki daban, gyara daban. Cire murfin filtar iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaro na farko, ka ja igiyar mai da hannu lokaci guda. Dole ka ga isans ya fito daga ɗan bututun nan a tsaye, da ƙarfi, tun daga farkon motsi. In ɗiga yake, ko sai ka ja rabi sannan ya fito, to famfon rafiris ne. Dalili kuwa: in aka buɗe fafiyon, marfin da ke cikin maƙogwaro, farat ɗaya, iska ce ke riga mai shiga, shi famfon ne ke cike giɓin na wannan daƙiƙar. In babu shi cakuɗin ya yi tsarari, sai atishawa. Wannan gwajin ko minti biyu ba ya ci.

Malam Sanusi mai wutar mota

Habu, gwajinka daidai ne, a yi shi. Amma famfon rafiris ba ya hana mota wuce 80, ba ya dafa ruwa, ba ya sa demarar nauyi. Aikinsa na daƙiƙa ɗaya ne, daga nan ya gama. A sake karanta abin da Laminu ya rubuta: an tura wuta gaba, shaƙewa ta ragu, ƙyal-ƙyal ya zo a ƙaramin gudu, amma a babban gudu har yanzu ba ƙarfi. Wato a ƙasa wutar ta yi gaba da yawa, a sama kuma ba ta isa ba. Abu ɗaya ne ke haɗa waɗannan biyun: abans ɗin cikin dalko, mai tura wuta gaba in gudun inji ya ƙaru, ba ya motsi. An bar jaki ana dukan taiki.

Laminu, cire hular dalko. Kama roto da yatsu biyu, murɗa shi wajen da yake juyawa. Ya kamata ya ɗan tafi, kana jin rasor, wato sifirin, na ja, in ka saki ya koma da kansa tas. In ya ƙi motsi, masalot, nauyaye biyun da ke cikin dalko, sun ƙame. In ya tafi bai dawo ba, ko dai datti ne, ko rasor ya tsinke.

Lawali direba

To ai kunne bai yi laifi ba ke nan. Motocin da ke zirga-zirgar Matamaye da Tanut rabinsu da kunne ake saita su, suna kuma aiki. A murɗa har inji ya yi sama, a ɗan mayar baya, shi ke nan.

Baba Issa mai Fijo

Lawali, abin da ka faɗa shi ne ya kawo motar nan inda take. Inji a ralanti ba kaya a kansa, yana son wuta da wuri, kana tura dalko gaba yana ƙara daɗin murya, har ka kai digiri 20 ko fiye yana yi maka godiya. Sai an ɗora mutum tara da buhuna a sama sannan ya nuna bai yafe ba. Ƙyal-ƙyal ɗin da kuke ji ba bawul ba ne, mai ne ke fashewa maimakon ya ci a hankali, yana dukan kan fistan. In aka daɗe a haka sagaman su karye, ko kan fistan ya ɓule, ko jowan kilas ya tafi.

Laminu ɗana, kada ka taɓa dalko da sunan saiti sai ka bi abu bisa tsari, don kowane mataki yana canza na bayansa.

Fara da bawul, inji a sanyaye, wanda ya kwana. Tazarar na shiga milimita 0,10, ta na fita 0,25. Bawul ɗin shiga in ya matse ba ya rufewa sarai, wuta ta bi ta nan ta koma karbirato, ka ji atishawa ka ɗora wa Solex laifi. Yadda ake bi a Fijo: in bawul ɗin fita na 1 ya buɗe gaba ɗaya, ka saita na shiga na 3 da na fita na 4. In na fita na 3 ya buɗe, shiga 4 da fita 2. In na 4 ne, shiga 2 da fita 1. In na 2 ne, shiga 1 da fita 3. Ka kuma tuna silinda lamba 1 a wannan injin tana baya, wajen bolan, faifan ƙarfen da ke bayan inji, ba wajen radiyato ba. Yara da yawa sun saba da motar Japan suna ƙirgawa daga gaba. Jerin wuta 1-3-4-2.

Bayan bawul sai filatine. Juya inji har ɗan ƙafar filatine ya hau kan tudun kam, ka sa kal, ƙarfen auna tazara, na 0,40, ya shiga da ɗan ja kaɗan. Sai an gama wannan ake maganar saitin wuta. Wanda ya saita wuta sannan ya koma ya taɓa filatine, ya rushe abin da ya gina.

Laminu Garin Malam

Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ban gane ba shi ne yadda tazarar filatine ke shafar lokacin wuta. Na ɗauka ƙarfin tartsatsi kawai take canzawa.

Malama Hadiza

Laminu, tartsatsi yana fita ne a daidai lokacin da filatine suka rabu, ba lokacin da suka haɗu ba. Muddin suna haɗe bobin na shan wuta yana tarawa; da sun rabu sai ya saki. To in ɗan ƙafar nan na roba ya cinye, tazara ta ragu, kam sai ya ƙara juyawa kafin ya iya ɗaga shi. Rabuwar ta makara, tartsatsi ya makara. Shi ya sa mota mai filatine ke rasa ƙarfi sannu a hankali ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Mai na'urar awo zai ga haka a lamba. A inji mai silinda huɗu kowace silinda na da digiri 90 na juyin dalko, a ciki filatine su zauna a rufe wajen digiri 57, wato kashi 63 cikin ɗari. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a nan, wuta ta ja baya da kusan digiri ɗaya a fuli.

Game da masalot kuwa, ga lissafin da ke nuna girman abin. A zagaye 900 a minti, inji na juya digiri 5,4 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A zagaye 3000 yana juya digiri 18 a wannan ɗan lokacin. Shi kuwa mai ba ya ƙara saurin ci daidai da yadda inji ke ƙara sauri. Ana son ƙarfin turin ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan fistan ya wuce sama, wajen digiri 15. Don haka gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda dole a kunna wuta da wuri. Nauyayen nan biyu da ke ƙarƙashin farantin filatine su ke wannan aikin: gudu na wurga su waje, suna tura kam gaba. In sun ƙame, a 3000 wutar ta makara da digiri 20 ko kusa da haka, mai yana ci har bawul ɗin fita ya buɗe. Zafin da ya kamata ya zama ƙarfi sai ya tafi kilas da salansa. Ga inda ruwanka ke tafasa.

Habu mai karbirato

Malama, lissafi ya yi kyau. Amma ina nan a kan bakana, a leƙa maƙogwaron nan. Mota mai shekaru irin waɗannan ba kasafai take zuwa da ciwo ɗaya ba.

Laminu Garin Malam

Ga abin da na samu yau da safe. Bawul biyu na fita sun matse, kal na 0,15 ne kawai ke shiga, na gyara. Filatine 0,25, fuskar ɗaya ta yi ɗan tsini, ɗayar ta yi rami. Roto kuma ko motsi, kamar an yi masa walda. Na aro fitilar saitin wuta: a ralanti alamar fuli tana can nesa da farantin awo, wajen gaba, kuma in na ƙara mai tana nan inda take. Yaya Habu, famfon rafiris yana fesawa, amma ba ƙarfi sosai.

Malam Sanusi mai wutar mota

To magana ta fito. Saura kafsil, ɗan kwanon nan da ke gefen dalko mai siririn tiyo zuwa karbirato. Zare tiyon ta wajen karbirato, ka tsotsa da baki, hular dalko a buɗe. Ka ga farantin filatine ya motsa, in ka toshe bakin tiyon da harshe ya tsaya a nan, in ka saki ya koma. In iska ke ta zuwa ba iyaka, fatar ciki ta huje. Hujajjen kafsil ɓarna biyu yake yi: ba ya ba da abans a rabin mai, kuma yana shigar wa karbirato iskar da ba a auna ba, daidai wurin da motar ke barin ralanti. Wannan kaɗai ya isa ya kawo shaƙewa.

Tsini da ramin da ka gani a filatine kuma, in sun yi yawa cikin ɗan lokaci, a tuhumi kondansato. Nasa awon tsakanin 0,20 da 0,30 mikrofarad ne. Wanda ya fara lalacewa yakan yi lafiya da sanyi, ya riƙa yanke wuta in ya yi zafi. Duba ma ɗan kusoshin da ya ɗaure shi a jikin dalko, don ta nan yake samun mas, wato haɗuwa da jikin mota.

Laminu Garin Malam

Na tsotsa, Malam. Iska ce kawai, har da ɗanɗanon isans.

Baba Issa mai Fijo

Fitar da dalkon gaba ɗaya, a kan tebur ake wannan aikin. Kafin ka zare, ka kawo inji inda roto ke kallon wayar lamba 1, ka yi alama a jikin dalko da jikin inji, kada kuma a juya inji har ka mayar.

Cire filatine, cire kafsil, ɗaga faranti. Za ka tarar da masalot cikin wani baƙin ƙulli, tsohon giris ne da ƙurar hunturu da tsatsa. Garin nan na Damagaram daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba abin da ƙura ba ta shiga, kuma ba mai tunawa da ɗan audugan da ke ƙarƙashin roto, alhali ta nan ne mai ke sauka tsakanin kam da sandar dalko. Ɗigo biyu ko uku na man inji a duk lokacin da aka canza filatine, shi ke nan abin da yake nema. A jiƙa da gazuwal, a bar shi ya sha, a riƙa motsa kam da hannu har ya saki. Ban da guduma, ban da filaya a kan kam.

Rasor biyun nan ka lura da su da kyau. A dalko da yawa ba iri ɗaya ba ne: ɗaya siriri a ɗame, ɗayan mai kauri da ɗan sako-sako. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka yi shi. Siririn ne ke aiki daga wajen zagaye 1000, mai kaurin sai an yi sama yake kamawa ya rage saurin abans. Wanda ya ga sako-sakon ya lanƙwasa ƙarfe don ya ɗame shi, ya kashe wa motar ƙarfin tsakiya. Kowanne ya koma ƙugiyarsa.

Tun da yana hannunka, girgiza sandar gefe da gefe. In kana jin wasa ƙwal-ƙwal, bag, zoben da sandar ke juyawa a ciki, ya cinye, tazarar filatine za ta riƙa canzawa da kanta, kuma a fitila za ka ga alama na tsalle. Irin wannan ba saitin da zai zauna masa. A kan kam kuma giris ɗan mitsitsi, in ya yi yawa zai fantsama kan filatine ya ƙone su.

Alhaji Mutari mai kayan gyara

Kafsil sabo na waɗannan dalko ya yi wuya yanzu. Abin da aka fi samu shi ne dalko sukutum na hannu, daga Kano, Ƙofar Ruwa, tun da a da Kaduna ta daɗe tana haɗa 504, daga 1975 aka buɗe masana'antar. Sai dai a kula: akwai Ducellier, akwai Paris-Rhône, filatine ɗinsu da roto da hula ba sa shiga na juna. Kuma na injin 1796 da na 1971 suna kama a ido, amma rasor da kafsil ɗinsu ba lallai su zo ɗaya ba. Akwai lamba a jikin dalko, a ɗauki hotonta a tura wa mai sayowa, kada a ce masa "na 504" kawai. Wanda zai saya ya tsotsi kafsil ɗin a gaban mai kaya.

Kondansato kuma, in tsohon yana aiki kada a jefar. Sabbin da ke yawo a kasuwa wasu ba sa daɗewa. A ajiye tsohon a cikin mota da filatine guda da turnabis.

Lawali direba

In ba a samu kafsil ba fa, Alhaji? Mota ta zauna?

Malam Sanusi mai wutar mota

Ba ta zama. A toshe bakin tiyon ta wajen karbirato da kyau, ba da tsinke ba, da ɗan kusoshi a cikin guntun tiyo. Za ta yi tafiya, ƙarfinta in an taka mai har ƙasa ba zai ragu ba, don a lokacin kafsil dama ba ya aiki. Abin da za a rasa shi ne a rabin mai, tafiyar miƙaƙƙiyar hanya irin ta Takeita: za ta ƙara shan mai, ta ɗan ƙara zafi. Abin da ba a so shi ne a ce tun da ba kafsil bari a ƙara abans a jikin dalko don a rama. Ƙyal-ƙyal zai dawo.

Laminu Garin Malam

Masalot sun saki, roto na komawa da kansa. An samu kafsil daga wani mataccen dalko mai lamba iri ɗaya, yana riƙe iska. Filatine sabbi a 0,40. Yanzu digiri nawa zan ba ta? Kuma farantin awon ya lanƙwashe, ban yarda da shi ba.

Baba Issa mai Fijo

A XN1 za ka ga littafi ya ce digiri 5 kafin fistan ya kai sama, wani ya ce 8, gwargwadon shekara da lambar dalko. Da zafin garin nan da irin man da ake samu, fara da 5.

In ba fitilar saiti, ƙwan lantarki na bolt 12 ya wadatar. Waya ɗaya a kan bobin wajen da aka rubuta RUP, wato inda wayar dalko ke zuwa, ɗayar a jikin inji. Juya inji da hannu wajen da yake juyawa har alama ta zo kan digirin da kake so, in ka wuce kada ka dawo kaɗan, koma baya sosai ka sake zuwa, don sarƙa ta kasance a ɗame. Buɗe kile. Sassauta dalko, juya jikinsa wajen da roto ke tafiya har ƙwai ya mutu, sannan ka dawo da shi a hankali ta ɗaya wajen. Inda ƙwai ya kama, nan ne, ɗaure. Kada ka bar kile a buɗe kana hira, filatine a rufe bobin na dahuwa.

Masu tsohuwar 404 su nasu da sauƙi: akwai rami a kwanon ambiriyaj, a zura ƙarfe mai kaurin milimita 8, a juya inji har ya faɗa cikin tsagar bolan, digiri 11 ke nan. Sai dai a tuna a zare ƙarfen kafin a taɓa demarar.

Malama Hadiza

Game da farantin da ya lanƙwashe, kana iya yin naka awo. Nemo ainihin saman fistan tukuna. Cire buji na 1, ka sa dogon abin tokare da zai tsayar da fistan kaɗan kafin ya kai sama. Juya inji da hannu a hankali har ya tokare, yi alama a fuli daidai da wani tsayayyen wuri. Juya ta baya har ya sake tokarewa, yi alama ta biyu. Tsakiyar alamun biyu ita ce sifiri. Batir a cire yayin wannan aikin.

Sai ka zagaya fuli da zare, ka auna tsawon, ka raba da 360. Misali in faɗin fuli santimita 14 ne, zagayensa milimita 440, kowane digiri milimita 1,2 da ɗan ɗoriya. Digiri 5 milimita 6 ke nan, digiri 30 kuma kusan milimita 37. Sa farin fenti a sifiri, 5, da 30. Da fitilar saiti, tiyon kafsil a cire a toshe, ralanti ƙasa da 900 don kada masalot su fara buɗewa: ka ga 5. Ƙara mai sannu a hankali, alamar ta riƙa tafiya ba tsalle, a wajen zagaye 3000 zuwa 3500 ta kusanci alamar 30. Mayar da tiyo, a rabin mai ka ga ta ƙara gaba. Fitilar kana iya maƙala ta a wayar 1 ko ta 4, duk ɗaya ne, tare suke hawa.

Lawali direba

Duk na ji. Amma littafin nan an rubuta shi ne don man Faransa. Mu wani lokaci a tasha muke sha, wani lokaci a kwalba a bakin hanya. Fenti a fuli ya san abin da ke cikin tanki?

Baba Issa mai Fijo

Nan kam ka faɗi gaskiya, kuma nan ne kunne ke da aiki, a ƙarshe ba a farko ba. Bayan an saita da awo, a fita hanyar Mirya inji da zafinsa, a bitas na huɗu a 40 ko 50, a taka mai har ƙasa. In ba a ji komai ba kuma motar na ɗan nauyi, a ƙara digiri 2 a sake gwadawa, kada a wuce 8. In an ji ƙyal-ƙyal ya daɗe, a rage 2. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 man tasha bai yi wa garin nan nisa ba, kuma shi ya fi dacewa a saita mota da shi. Na kwalba ba ka san hannu nawa ya bi ba. In an gauraya shi da kananzir, injin da ke shiru jiya zai yi ƙara yau, za ka kuma ga in an kashe kile yana ci gaba da tari. Wannan ba dalko za a bi ba, tanki za a zubar.

Laminu Garin Malam

Alhamdu lillahi. Na tsaya a 7. Alamar na tafiya sumul har kusa da 30. Demarar ya saki, allurar ruwa na tsakiya, ta kai 110 ba lodi ba tare da an matsa mata ba. Atishawa ta tafi. Sai dai in na taka mai da ƙarfi lokaci guda daga ralanti, akwai ɗan jinkiri kaɗan da ya rage.

Habu mai karbirato

Yauwa, an zo unguwarmu. Wannan ragowar ta famfon rafiris ce, tun da ka ce feshin ba ƙarfi. Kwance kusoshi huɗun murfinsa, duba fatar. In ta bushe ta yi tauri ko ta tsage, canza. Akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ke hana mai komawa kwano in an matsa. In datti ya riƙe shi, rabin man baya yake komawa. Yi aikin a kan tire, in ya faɗi cikin yashi ka yi sallama da shi. Ɗan bututun feshin a busa da iska, kada a zura masa waya, ramin in ya faɗaɗa ba ya komawa. Feshin ya sauka tsakanin fafiyon da bango, ba a kan bangon ba.

Sannan ka duba ƴan ramukan da ke jikin maƙogwaro daidai gefen fafiyon. Su ke ɗaukar motar daga ralanti zuwa babban jikiler, ɗan ramin da ke auna man da ke shiga, kuma daga jikiler na ralanti suke sha. Masu wanki da yawa ba su san da su ba. Fesa ta ramin jikiler na ralanti, ka ga ya fito ta dukkansu.

Ƙasan karbirato kuma a ɗora shi a kan gilashi a gani ko ya bankare, yawan ɗaure goro ke jawo haka. Farantin nan mai kauri da ke tsakaninsa da inji kada a yar, shi ke tare zafi. Motar da aka cire mata shi, a watan Afrilu in an tsaya minti goma isans na tafasa a kwano, sai an yi ta ja kafin ta tashi. Kusoshin cakuɗin ralanti shi ne na ƙarshen taɓawa, tun da yanzu wuta ta zauna: shigar da shi har inji ya fara rawa, fito da shi har ya yi sumul, sannan ka daidaita gudun ralanti.

Malam Sanusi mai wutar mota

Ƙari kan na Habu, tun da ka sa buji sabbi: an auna su? 0,6 ake so, ba yadda suka fito daga kwali ba. Kuma buji a wannan injin suna can cikin rijiya, ta tsakiyar murfin bawul. In robar bakin rijiyar ta mutu, man inji na taruwa a ciki. Dogayen hulunan da ke sauka kan buji in sun tsage, tartsatsi na tsallakawa jikin rijiyar maimakon bakin buji, kuma ya fi yin haka daidai lokacin da aka taka mai da ƙarfi, don a lokacin ne matsi ke ƙaruwa a silinda, wuta ta nemi hanya mafi sauƙi. Zaro su ɗaya-ɗaya, nemi siririn baƙin layi ko fari a jiki.

Alhaji Mutari mai kayan gyara

Akwai masu tambayar na'urar da ake sawa a madadin filatine, mai maganaɗisu. Tana raba mutum da saitin 0,40 da kondansato. Amma masalot da kafsil suna nan yadda suke, da an sa ta a motar nan jiya ba abin da zai canza. Kuma a duba bobin kafin a haɗa, yawancinsu suna son mai om 3, in aka ba su mai ƙaramin om sai su ƙone. Mai tafiyar Gure ko Tanut in ya sa, ya riƙe filatine da kondansato a mota, don ita in ta mutu a daji ba a gyara ta da turnabis.

Laminu Garin Malam

Fatar famfon ta yi tauri, na canza, ƙwallon ma na wanke. Rijiya ta 3 da mai a ciki, hularta da tsaga. Jinkirin ya tafi gaba ɗaya. Mai motar zai ɗauka gobe in Allah ya kai mu.

Baba Issa mai Fijo

Madalla. Ka gaya masa ya dawo da ita bayan kilomita 1000. Ɗan ƙafar sabon filatine yana zama a farko, tazarar za ta ragu, wuta ta ja baya da digiri biyu ko uku. Mayar da 0,40 kawai, ka haska fitila, za ka ga ta koma kan fentinka ba tare da ka sassauta dalko ba. Ranar kuma ka gwada sarƙa: hular dalko a buɗe, juya fuli gaba har roto ya motsa, sannan ka juya baya kana kallon fentin. In fuli ya yi tafiyar da ta kai santimita ɗaya kafin roto ya amsa, sarƙa da abin ɗame ta sun kusa, ya fara tanadin kuɗinsu.